Man-gil, Mijin Mai Nutso

A ƙauyenmu da ke gabashin tsibirin Jeju, idan aka ce wane ya cika damuwa, tambayar da ke biyo baya ita ce, "Ya kai Man-gil?" Har yau ba a samu wanda ya kai shi ba.

Tsofaffi sun sha zama su binciko abin da ya mayar da Bu Man-gil haka, ba su gano komai ba. Babu wanda teku ya ci a danginsu. Ubansa ya shekara casa'in da ɗaya yana tashi da kwano biyu na shinkafa, kuma ya mutu a kan shimfiɗarsa bayan ya gama zage maƙwabcinsa tas a kan katangar gona. Uwarsa kuwa daga bakin ruwa ake jiyo dariyarta. Amma ungozomar da ta karɓi haihuwarsa ta ce yaron bai yi kuka nan take ba, sai da ya ƙare wa rufin ɗakin kallo, kamar mai duba ko zai rufto masa.

A makaranta, in malami ya ɗaga bulala zai zane wani yaro, Man-gil ne ke fara ihu. Ranar jarrabawa kuwa a bayan gida ake nemo shi. Da ya tafi aikin soja ya dawo a rame kamar wanda ya fito daga fagen fama, alhali a kicin ya yi shekarunsa uku, yana wanke shinkafa sau bakwai don kada wani ya tauna tsakuwa haƙorinsa ya karye a ce shi ne. Ya gaji gonar lemo a wurin ubansa. Shekarar da itatuwa ba su yi 'ya'ya sosai ba, ya damu. Shekarar da suka yi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tokare rassa da sanduna, yana cewa nauyi zai karya su.

Irin wannan mutum aka haɗa da Yang Bok-sun, wadda tun tana shekara goma sha biyar take nutso a teku tare da matan garin, tana ciro dodon koɗi da kawa daga ƙarƙashin duwatsu, ba tukunyar iska, ba komai, sai numfashin da ta shaƙa. An zaunar da su a wani shagon shayi a cikin birni don su ga juna. Man-gil ya daɗe yana juya kofinsa. Can sai ya ɗago ya ce, "Ba kya jin sanyi a cikin ruwan?"

Bok-sun ta dube shi. Shekara takwas tana shiga ruwa rani da hunturu, ana tambayar ta abin da ta kamo, ana tambayar ta nauyinsa, amma ba wanda ya taɓa tambayar ta wannan. Ta ce, "Ina ji mana."

Sai ga ƙwalla a idon Man-gil. Ta koma gida ta gaya wa uwarta ta amince. Daga baya takan ce da ta san tambayar ba za ta ƙare ba har shekara hamsin, da ta ce masa ruwan da ɗumi.

Aikin mazajen matan da ke nutso ba shi da wahala. Ka kai matarka bakin ruwa a ƙaramar tarakta, ka koma gonarka, in rana ta yi tsaka ka dawo ka taya ta jawo raga, ka loda kaya. Man-gil bai taɓa komawa gonar ba. Yakan hau wani baƙin dutse ya tsaya, idonsa a kan goran Bok-sun, wato abin nan mai yawo a kan ruwa, mai launin ruwan lemo, da kowace mai nutso ke rataya ragarta a jikinsa, ta kuma kama shi ta huta in ta taso. Ya ɗaura wa nata jan ƙyalle don ya riƙa gane shi daga nesa. Da zarar ƙafafunta sun yi sama ta nutse, shi ma sai ya ja numfashi ya riƙe. A ganinsa, in shi ya fara jin wuya to ita ma ta fara ji, ya san lokacin da zai yi ihu ke nan. Matsalar ita ce Bok-sun tana kusan minti biyu a ƙasa, shi kuwa ko rabin minti bai iya yi ba. Tun a makon farko na aurensu ya sulale daga kan dutsen a sume. Matan suka fito daga teku suka tarar da ango a kwance, suka ɗauke shi suka kai shi gida a kan kayan tarakta, tare da ragar dodon koɗi.

A wurinmu Samchun ake kiran duk wani babba, namiji ko mace. Shugabar masu nutso, Samchun Gye-wol, mace ce mai murya kamar ta jirgin ruwa, wadda ko dagaci ba ya katse ta in tana magana. Ta dube shi ranar ta ce, "Kai Man-gil, mu muke cikin ruwa, kai kake nutsewa?"

Bai daina ba. Ya dai koma riƙe numfashin a zaune.

Jikinsa ne ya fara biyan wahalar. Kafin ya cika talatin da biyar gashin kansa ya zube, sanƙon har sheƙi yake, matan suka ce da shi suke gane gaɓa in hazo ya sauka. Fatar idonsa na hagu ta kama rawa, har wata baƙuwa ta taɓa kai ƙararsa wurin Bok-sun cewa mijinta yana kashe mata ido. Kafaɗunsa suka hau suka zauna kusa da kunnuwansa ba su ƙara saukowa ba. Yana cizon haƙora cikin barci har ya cinye turamensa. Ga ƙwannafi, ga ciwon kai, ga cikin da ba ya riƙe komai duk ranar da iska ta juya. Kimchi, kabejin nan namu da ake tsumawa da yaji, ya gagare shi, barkono ya gagare shi, ya koma kunun shinkafa fari sol kamar mai jego. Ya sayi na'urar awon jini, amma da ya ga an ɗaura masa ita sai gabansa ya faɗi, jinin ya hau, ganin ya hau kuma sai ya ƙara hawa. Yana da wata jaka baƙa da yake ratayawa, cike da magunguna, na asibiti da na gargajiya, har da maganin da ake sha in wani magani ya ɓata ciki.

Ita kuwa Bok-sun, mura ma sai ta shekara uku ba ta yi ba. Ta haifi 'yarsu Eun-sil, bayan kwana goma sha biyu ta koma ruwa. Shi ya yi wata guda a kwance.

Ba wai ba ya ganin abin da yake yi ba ne. Yana gani. Yakan ce, "Maman Eun-sil, na san ba komai. Kaina ya sani. Cikina ne bai yarda ba."

Ta ce, "To ka gaya wa cikin naka ya zo ya ci abinci, miya tana hucewa."

Haka suka rayu har Man-gil ya kai hamsin da takwas, shekarar da aka yi abin da har yau ake ba jikoki labari.

Wata safiya ce ta bazara, teku kwance lumui kamar an shimfiɗa tabarma. Matan su goma sha huɗu suka shiga. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Bok-sun ta hango wani kifi mai ƙafa takwas ya shige rami, ta ɗaure goranta a jikin dutsen ƙasa, ta bi shi. Ya zille, ta bi shi, har suka zagaya bayan wani tsauni da ya shigo cikin ruwa. A can ta taso, inda ba a hango ta daga gaɓa. Kifin ya tsere, ita kuma cikinta ya murɗa, don ta sha ragowar miyar jiya da safe. Sai ta haye tudu ta can, ta nufi ɗakin da matan ke sauya kaya. Da ta gama uzurinta ta tarar wata ta binne dankali a toka. Ta ce bari ta ɗan zauna.

A kan baƙin dutse kuwa, Man-gil yana kallon gora mai jan ƙyalle yana lilo shi kaɗai. Minti biyu. Minti uku. Ya saki numfashi ya sake ja. Minti biyar. Abin da ya shekara talatin da wani abu yana jira ya zo. Ya ciro waya, ya kira masu ceto, ya kira dagaci, ya kira 'yarsa a birnin Busan ya ce mata, "Uwarki," ya kashe. Dagaci ya hau lasifika. Kafin a ce haka gari ya fashe. Jiragen kamun kifi biyu suka taso, motar asibiti ta iso da jiniya, Samchun Gye-wol ta tattara matan suka shiga nutso a kewayen goran, suna tasowa suna girgiza kai.

Man-gil, wanda bai iya ninƙaya ba, bai kuma taɓa shiga ruwa ya wuce idon sawu ba, ya ruga cikin teku da takalmansa da jakar magunguna. Ruwa na kai masa gwiwa wata 'yar igiyar ruwa ta kwashe ƙafafunsa. Maza biyu suka jawo shi ta kwala suka zaunar a kan dutse. Nan ya buɗe baki.

"Wayyo Maman Eun-sil! Na gaya miki! Kullum sai na gaya miki! Wa zai ƙara ce mini in yi shiru? Ban taɓa gaya mata ba, jama'a, miyarta ta fi ta uwata daɗi! Kuma tukunyar nan, ni na fasa ta! Ba kyanwa ba ce, ni ne!"

Bok-sun ta ji jiniya, ta fito da tawul a ka da rabin dankali a hannu, tana sanye da baƙar rigarta ta roba. Ta iso bayan taro, ta taɓa wata baƙuwa mai ɗaukar hoto ta ce, "Wa ya nutse?"

Baƙuwar ta ce, "Matar wancan tsohon ce, abin tausayi."

Bok-sun ta leƙa. Ta gutsiri dankali, ta tauna, ta ratsa mutane a hankali. Waɗanda suka gan ta suka riƙa ja da baya baki buɗe. Ta tsaya daidai bayansa ta ce, "Wace tukunya?"

Man-gil ya waiwayo. Ya dube ta daga sama har ƙasa. Ya ce, "Maman Eun-sil, kin mutu?"

"Tukuna. Wace tukunya? Ta uwata, ta kimchi?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya dafe ƙirji, fuskarsa ta yi fari fat, ya kife. Wannan karon ba irin sumar da aka saba ba ce, don ya yi amai, kuma da jini a ciki. Motar da ta zo ɗaukar matar ta ɗauki mijin. Bok-sun ta shiga ta zauna a gefensa da rigar roba tana ɗiga, ma'aikacin motar yana ta ƙoƙarin sa mata abin shaƙar iska tana ture hannunsa tana nuna masa wanda ke kwance.

Kwana shida ya yi a wani asibiti a cikin birni. Aka zura masa abin leƙen ciki, aka ɗauki hoton zuciya, aka ɗebi jini har ya fara tambaya ko za a bar masa na komawa gida. A rana ta biyar Likita Jwa, wata yarinya da ba ta girmi Eun-sil ba, ta zo ta zauna a bakin gadonsa.

Man-gil ya ce, "Likita, kar ki ɓoye mini. Wata nawa ya rage?"

Ta ce, "Baba, gyambon ciki ne, ya fashe ya yi jini, mun tsayar da shi. Jininka ya hau sosai. Zuciyarka ba ta toshe ba, amma ta gaji. In da ban gan ka ba, hotunan nan kawai na gani, sai in ce wannan mutum ne da damisa ke kora kullum tun yana saurayi."

"Ai babu damisa a Jeju."

"Ni na sani, kai ma ka sani. Jikinka ne ba wanda ya gaya masa. Duk lokacin da gabanka ya faɗi, jiki yakan ɗauka gudu za a yi. Ya tura jini da ƙarfi, ya tsayar da narkar da abinci, ya ɗaure jijiyoyi. In sau ɗaya ne a wata ba komai. Kai sau nawa gabanka ke faɗuwa a yini?"

Bok-sun ta amsa daga kan kujera, "Sau ɗaya ne. Da asuba yake faɗuwa, ba ya tashi sai ya yi barci."

Man-gil ya dage sai an auna matarsa ita ma, tunda ita ce mai aikin haɗari. Aka auna ta don a samu zaman lafiya. Likita ta dawo da takarda ta ce ban da kunnen dama da ya ɗan yi nauyi, huhun Bok-sun da zuciyarta sun fi nata ita likitar. Bok-sun ta ce kunnen ma ba ruwa ne ya ɓata shi ba, ɓangaren da mijinta ke zama ne.

Likita ta yi dariya, sannan ta daina. Ta ce, "Baba, ni ciki zan iya gyarawa. Amma in ba a taɓa abin da ke huda shi ba, baɗi za ka dawo, kuma ban san a wane hali ba. Ina so ka ga likitan ƙwaƙwalwa."

Man-gil ya tashi zaune har robar ƙarin ruwa ta kusa cirewa. "Ni mahaukaci ne? A ji a gari an kai ɗan gidan Bu wurin likitan mahaukata? Wa zai ƙara sayen lemona?"

Ya ƙi fur. Abin da aka iya yi kawai shi ne hana shi zuwa bakin ruwa. Samchun Gye-wol da kanta ta yanke hukuncin, ta ce mutumin da ya sa mata goma sha uku suka yi awa guda suna neman wadda ke cin dankali, in ta ƙara ganin sanƙonsa a kan dutsen nan za ta sa shi a raga ta sayar.

Kowa ya ɗauka hutu zai yi masa magani. Bai yi ba. A kan dutse aƙalla yana ganin goran. A gida kuwa ba abin da yake gani sai bango, kuma a jikin bangon nan babu irin mutuwar da bai ga Bok-sun ta yi ba kafin azahar. Sati biyu yana zagaya tsakar gida. Daga nan sai ya daina zagayawa. Ya daina zuwa gona, ciyawa ta kai gwiwa. Ya daina aske gemu. Kunun ma sai ya sha cokali uku ya ture. Yakan zauna a bakin ƙofa tun safe yana kallon takalmansa. In yara suka wuce suka ce, "Samchun, ina kwana," ba ya ɗagowa. Kunyar abin da ya yi a gaban gari ta zauna masa a ƙirji, ya fara cewa shi kaya ne kawai a wuyan mutane.

Wata safiya Bok-sun ta ɗauki goranta za ta fita, ta tsaya a ƙofa tana jira. Shekara talatin da uku ba ta taɓa fita ba sai ya ce ta kula da igiyar ruwa, ta kula da ragar masunta, kada ta yi nisa, ta sha ruwan zafi. Kullum tana amsawa da tsaki. Ranar bai ce komai ba. Ta ce, "Baban Eun-sil, na tafi." Ya gyaɗa kai. Ta je ta shiga ruwa, ta kasa yin ko minti ɗaya a ƙasa, ta fito da ragar da ko kyanwa ba za ta ƙoshi da ita ba. Ba ta ko sauya kaya ba ta kira Eun-sil ta ce, "Ki zo. Ubanki ya daina damuna."

Eun-sil ta iso washegari. Ba ta roƙe shi ba, don ta san ubanta. Ta ce, "Baba, na riga na karɓi lamba a wurin likitan ƙwaƙwalwar. In ba ka je ba, zai zauna yana jiran ka, marasa lafiya na bayanka su ma su yi ta jira, a ce ɗan gidan Bu ne ya ɓata wa mutane lokaci."

Man-gil ya tashi ya nemi takalmansa.

Amma sai da ya yi shiri. Ya sa malafar matarsa ta aikin gona, ya sa baƙin tabarau, ya rufe hanci da baki da takunkumi, ya ɗaga kwalar riga, a tsakiyar zafin watan bakwai. Shi da Eun-sil suka hau motar da ba ta bi ta tsakiyar gari. A ɗakin jira ya zaɓi kujerar lungu ya dunƙule. Bai daɗe da zama ba wata murya ta cika ɗakin.

"Kai Man-gil, cire malafar Bok-sun, ka yi kama da abin korar tsuntsaye."

Samchun Gye-wol ce, zaune da jakarta a cinya, tana ɓare dafaffen ƙwai.

Man-gil ya sauke tabarau. "Samchun, wa kika rako?"

"Kaina na rako. Shekara tara ke nan, duk wata biyu. Tun da ƙanwata ta shiga ruwa a gabana ba ta fito ba, in na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Kana tsammani muryar nan da nake yi muku daga ina take? Rabi hali ne, rabi tsoro." Ta miƙa masa rabin ƙwan. "In ka gaya wa wani ka gan ni a nan, ka san sauran."

Ya karɓa ya ci. Shi ne abu na farko mai tauri da ya shiga cikinsa cikin wata biyu.

Likitan wani dattijo ne mai sanyin magana, ana ce masa Likita Hyeon. Ya bar Man-gil ya yi ta zuba har kusan awa guda. Sannan ya ce masa wasu mutane haka aka halicce su, ransu yana saurin ɗaukar fargaba da baƙin ciki kamar yadda fatar wasu ke saurin ƙonewa a rana. Ba hauka ba ne, ba kuma laifi ba ne, kuma ba zai yi masa ƙarya ya ce zai mayar da shi wani mutum dabam ba. Amma ana iya rage wutar. Ya rubuta masa ƙwaya guda ta safe. Ya ce ya riƙa tafiyar ƙafa. Ya koya masa sakin numfashi a hankali maimakon riƙe shi. Sannan ya ce, "Kuma na ba ka rabin awa kullum, daga ƙarfe huɗu zuwa huɗu da rabi. Ka zauna ka damu iya ƙarfinka. In wata damuwa ta zo da safe, ka ce mata ba yanzu ba, ta dawo ƙarfe huɗu."

Man-gil ya ce, "In na makara fa?"

"Wannan ma ka ajiye ta sai ƙarfe huɗu."

A mota ya buɗe takardar da ke cikin kwalin maganin ya fara karanta illolinsa. Kafin su kai gida ya ji jiri, bakinsa ya bushe, ƙafarsa ta fara kumburi, alhali bai ko ɓare ƙwayar ba. Da suka isa, Bok-sun ta karɓi takardar ta hura wuta da ita.

Ba a rana ɗaya abin ya yi aiki ba. Sai da kaka ta shigo kafin a ga ya aske gemu ya shiga gona. Amma Man-gil mutum ne mai bin doka, kuma tunda likita ne ya sa masa ƙarfe huɗu, ya riƙe ta da gaske. Yakan fito da kujera ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, ya ajiye agogo a gwiwa, ya haɗa gira, ya fara. In ka gaishe shi a lokacin sai ya ɗaga maka hannu, wato yana kan aiki. Abin da ya ba shi mamaki shi ne, yawancin damuwoyin da ya sallama da safe ba sa dawowa. Wata rana ya gama duk abin da yake da shi ƙarfe huɗu da minti goma, ya rasa yadda zai yi da sauran minti ashirin. Ya leƙa ta katanga ya tambayi maƙwabciyarsa ko tana da wani abu. Ta ce ɗanta zai rubuta jarrabawar shiga jami'a. Ya ce ta bar masa.

Labari ya bazu. Mutane suka fara biyowa ta ƙofar gidan kafin huɗu. "Samchun, saniyata ta kusa haihuwa, a sa ta a layi." "Samchun, surukata za ta zo ta yi sati." Dagaci ma ya taɓa tsayar da babur ya ce a taya shi da maganar rufin ɗakin taro. Da wasa aka fara, amma wasu sukan zauna su faɗi abin da ke cin su da gaske, shi kuma ya saurara da dukan fuskarsa, don bai taɓa jin damuwar da ya raina ba. Sukan tashi da sauƙi. Shi ma haka, don ya lura damuwar wani ba ta taɓa masa ciki.

Da sanyi ya shigo, Samchun Gye-wol ta janye hukuncinta, bisa sharaɗi. Zai dawo bakin ruwa, amma ba kan dutse ba. Aikinsa hura wuta a zagayen duwatsun da matan ke jin ɗumi in sun fito, da dafa ruwan zafi, kuma ya ba teku baya. Ya karɓa. Yakan saci waiwaye, ba a ce ba ya yi ba, amma mai fama da ɗanyen itace da iskar Jeju ba ya samun sukunin riƙe numfashi. Matan suka ce ba su taɓa samun mai hura wuta kamarsa ba, don tun da ya kama ko tartsatsi bai taɓa tashi ya taɓa rigar kowa ba. Bokitin ruwa uku yake jerawa a gefe.

Yanzu shekararsa saba'in da huɗu. Gashi bai dawo ba, kafaɗa ɗaya ta sauko, ɗayar tana nan inda take. Yana cin kimchi in an ɗauraye masa shi a ruwa. Akwai makonnin da abin ke taso masa, musamman in an yi hasashen guguwa, sai ya koma kunu da zagayen tsakar gida, Bok-sun ta kira Likita Hyeon, a ɗan gyara magani, ya wuce. Ba a ƙara kwantar da shi a asibiti ba.

A watan jiya suka je a duba cikinsa. Likita Jwa, wadda yanzu ita ma ta fara furfura, ta duba hotuna ta duba awon jini, ta ce komai ya yi kyau, ba sai ya riƙa zuwa duk wata uku ba, ya dawo bayan shekara guda.

Man-gil ya fito ya tsaya a barandar asibitin, ya riƙe hannun matarsa. "Maman Eun-sil, kin ji abin da ta ce? Shekara guda. Me ya sa ba ta son ganina? Ko ta ga wani abu ne ta cire rai?"

Bok-sun ta ce, "Ta gaji da kai ne, kamar kowa. Mu je, yunwa nake ji."

Suka tsallaka titi, bayan ya sa sun jira fitila ta ba su hannu sau biyu don ya tabbatar, suka shiga shagon taliya. Ya ci kwanonsa tas, ya ɗebi kaɗan daga nata.